Shagon baba: yayyena na so a sayar, ni ina so ya zama wurin koyo

Assalamu alaikum Yaya, dan Allah shawara nake nema, a sakaya sunana. Mahaifinmu ya rasu shekara huɗu kenan, ya bar mana shagonsa a ƙauye inda ya yi aikin kafinta da walda sama da shekara talatin. Tun da ya rasu shagon a kulle yake, kayan aikinsa suna ciki sai tsatsa suke, rufin ma ya fara yoyo ta gefe ɗaya. Ni malamin makaranta ne, tun ina yaro nake zane, kuma na daɗe ina burin in mayar da wurin nan inda yara da matasa za su riƙa zuwa koyon zane da karatu da ɗinki, har kwamfuta in Allah Ya hore. Matsalar mu bakwai ne, yayyena biyu so suke a sayar a raba kuɗin, har an samu wanda ya taya. Ƙannena mata basu ce komai ba, autanmu kuma bai kai shekara 18 ba. Na fara tara kuɗin fenti da kujeru, wani abokina yace in fara aikin kawai, in suka ga wurin ya yi kyau kunya za ta hana su magana. Wasu mutanen garin kuma suna cewa wai me zane zai tsinana wa yaro. Wallahi kaina ya ɗaure Yaya, ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah Ya jiƙan baba Ya kai haske kabarinsa.

Bari in fara da abokin nan naka dan maganarsa ce ta fi tsaya min a rai. Ka ajiye shawararsa a gefe. Ba wai mugu bane, inaga so yake ya ga ka ci gaba, amma hanyar da ya nuna maka ta raba zumuncin gidaje da yawa. Shagon nan ba naka bane kai kaɗai, ku bakwai ne, cikinku har da maraya wanda bai ma isa sa hannu a takarda ba, to ranar da ka shafa fenti ka jera kujeru ba da saninsu ba, su a idonsu ba gyara ka yi ba, ƙwace ka yi da wayo, kuma kunyar da ake cewa za ta rufe musu baki ba ta daɗewa, ranar da ɗayansu ya shiga matsi, ko kuɗin asibiti ko na makarantar yara, nan take zai tuna yana da haƙƙi a bangon nan da ka zana wa furanni. Lokacin kuma ka riga ka zuba kuɗinka, yara sun saba zuwa, sai a zo ana rigima a gabansu. Haba.

Sannan ka daina kallon yayyenka kamar masu son rusa maka buri. Ka taɓa zama ka tambaye su me yasa suke son a sayar? Wataƙila bashi ne ya sha musu kai, wataƙila kawai takaicin ganin wuri a kulle shekara huɗu yana lalacewa ne, in na biyun ne ai kusan bakinku ɗaya da su. Shirun ƙannenka mata kuma ba yarda bace, ka kira kowacce ita kaɗai ka ji ta bakinta, dan sau tari a taron gida ba sa iya musu da yayye. Baka ambaci mahaifiyarku ba, in tana raye to ita ce farkon wacce za ka samu, kafin kowa.

Abin da nake ganin za ka kai musu ba "ku bar min shagon" bane, wannan ba wanda zai yarda. Ka ce su ara maka na wani wa'adi, misali shekara uku, a rubuce. Ko ka riƙa biyan haya ko da kaɗan ce ana rabawa, har da kason autanku a ajiye masa ta hannun wanda ke riƙe da shi. Ko kuma a kira wanda ba ruwansa da kowa a cikinku ya ƙiyasta darajar wurin, kai kuma ka riƙa sayen kason masu son fita a hankali. Takardar ta faɗi abubuwan nan ƙarara: yaushe wa'adin zai ƙare, wa zai biya gyaran rufi, in aka sayar daga baya ya za a yi da kuɗin da ka kashe a ginin, wata nawa za a baka na sanarwa kafin ka tashi, kayan aikin baba na wa ne. Kowa ya sa hannu, a samu shaidu, in da hali lauya ko wanda ya san dokar gado da ta filaye a wajenku ya duba. Na san za ka ce ai 'yan uwana ne, takarda kuma ta mece ce. To ai dan 'yan uwanka ne ma ya sa, in da bare ne kuka ɓata kowa ya kama gabansa, ɗan uwa kuwa gobe ma kuna tare.

Yanzu mu ce sun yarda. Kuɗin fenti da kujerun nan kar ka taɓa su tukuna, dan shagon da aka yi shekara talatin ana walda da kafinta a ciki ba ɗakin da za a share kawai a zaunar da yara bane, kuma nan ne nafi so ka nutsu.

Ka fara da ɗaga kai sama. In rufin ko silin ɗin irin tsohon falle ne mai launin toka mai kama da siminti, akwai yiwuwar asbesto ne. In yana zaune lafiya bai farfashe ba haɗarinsa kaɗan ne, amma da zarar an fasa shi ko an huda ko an goge, ƙurarsa tana da wasu ƙananan zare da ido baya gani, su shige huhu su zauna, ciwon kuma baya bayyana sai bayan shekara 20, 30, har 40, ciki har da kansar huhu. Shi yasa Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005, amma tsofaffin gine-gine a ko'ina cike suke da shi har yanzu. Kar ka tara samari da guduma kace a sauke, kar a share ɓaraguzansa a bushe da tsintsiya, a nemo wanda ya san aikin. In kwano ne to da sauƙi, sai a duba katakon da ke ɗauke da shi, musamman gefen da kace yana yoyo. Ka ɗauki sukundireba ka riƙa cakawa, in ya shige da sauƙi ko ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo to gara ta gama da cikinsa, fatar waje kawai ta bari. Bango kuma ka duba tsaga, wacce ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wacce ke ƙara buɗewa, wannan sai magini ko injiniya ya gani da idonsa. Akwai dabara mai sauƙi, ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar ka rubuta kwanan wata, bayan wata ɗaya ko biyu ka dawo ka ga ko ta wuce layin.

Sai dalma. Tsohon fenti da yawa akwai dalma a ciki, musamman irin wanda ake shafa wa ƙarfe dan hana tsatsa, Amurka ma sai a 1978 ta hana amfani da shi a gidaje, wasu ƙasashen kuma sun yi shekaru bayan nan ana sayarwa. Tsofaffin batiran mota ma dalma ce a cikinsu ga kuma ruwan batir mai ƙuna, kuma shagon walda da wuya ka rasa ɗaya ko biyu a lungu. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babu wani adadin dalma da za a ce ba shi da illa a jiki, ƙananan yara kuma su suka fi cutuwa dan komai hannu sai baki, tana taɓa ƙwaƙwalwa ta rage kaifin fahimta, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa. Ka ga kenan ba ƙaramin abin takaici bane ace wurin da ka buɗe dan koyo shi ne ke dakushe kan yara. Dan haka kar a kankare tsohon fenti da samfefa a bushe, a jiƙa shi, masu aikin su sa takunkumi da safar hannu, kar yaro ko mai ciki su kusanci wurin har a gama a wanke. Ƙasan da ya sha baƙin mai shekara da shekaru a kwashe samansa a zuba sabo a yi daɓen siminti. Gwangwanayen tsohon fenti, tukunyar gas, batira, duk a fitar, kuma kar a ƙona, kar a zubar kusa da rijiya.

Shekara huɗu a kulle kuma ka san akwai masu haya a ciki, jemagu, ɓeraye, kunama, wataƙila har maciji a ƙarƙashin tarin katako. Ranar buɗewa a buɗe ƙofofi da tagogi iska ta ratsa kafin a shiga, kashin jemage da na ɓera a yayyafa masa ruwa kafin a kwashe dan ƙurarsa na sa ciwon ƙirji, kowa da takalmi mai rufi saboda ƙusoshi, wanda ƙarfe mai tsatsa ya yanka kuma a tafi da shi a yi masa allurar tetanus, ba a tsaya ana ɗaure ƙafa da tsumma ba.

Wayoyin wutar baba duk a ɗauka sun mutu sai mai gyaran wuta ya ce akasin haka, ɓera na son cin robar waya. Ƙofa ta zama biyu, kuma gara su riƙa buɗewa ta waje, dan in tsoro ya kama yara kan ƙofa suke turuwa. Abin kashe gobara da bokitin yashi a inda kowa zai gani. Janareta kar ya taɓa kwana ko aiki a ciki, hayaƙinsa yana da iskar da bata da wari bata da launi kuma tana kisa. Ruwa da banɗaki ma kafin kujeru ne, in babu banɗaki mai ƙofa da sakata to 'yan mata ba za su daɗe suna zuwa ba, iyayensu ma ba za su bari ba.

To fenti fa? Shi ne na ƙarshe, kuma ni da zaka ji tawa, yaran da za su koyi zane su za ka bar wa bangon.

Wani abu kuma da na lura a saƙonka, ka lissafo zane, karatu, ɗinki, kwamfuta, amma baka sa kafinta ba, alhali shi ne abin da wurin ya riga ya mallaka. Bencin aikin baba yana nan, zarto, guduma, gizago, magagari, awartaki, yawancinsu tsatsar sama ce kawai, a jiƙa su a kananzir a goge da burushin waya a shafa mai sai su dawo. Kar ka kwashe su ka kai wa masu sayen tsohon ƙarfe dan ka samu wurin jera kujerun roba. Mutanen garin nan sun san ƙofar nan, wasu gadon aurensu a nan aka yi, wasu garmarsu a nan aka yi wa walda, wannan sanayya ba kuɗin da zai saya maka ita. Kuma ina da yaƙinin akwai yaran shagon baba da suka koyi aiki a hannunsa, yanzu sun zama magidanta, ka neme su. Su ne za su gaya maka inda rufin ya saba yoyo, su ne za su haɗa maka benci da allo daga katakon da ke jibge a wurin, kuma cikinsu za ka samu malaminka na farko.

Nan ne ma amsar masu cewa me zane zai tsinana wa yaro take. Kar ka tsaya musu da su, tambayarsu tana kan hanya, mutum ne yake son ɗansa ya iya abin da zai riƙe kansa. Ka bari su gani da ido. Kafinta baya yanka katako sai ya zana ya auna, tela ma haka, mai walda kafin ya haɗa ƙofa sai ya fitar da fasalinta, mai rubuta allon shaguna kuwa da zanen yake ci. In yaro ya zana kujera a takarda ranar Asabar, ya auna, bayan sati biyu ya ɗauko 'yar kujerar a ka ya kai wa uwarsa, maganar ta ƙare. Daga baya in ka zaunar da su suna zana tsuntsaye da itatuwa dan jin daɗi kawai ba wanda zai ce maka kanzil.

Kuma ba kai ka fara irin wannan ba. A Ostareliya tun shekarun 1990 aka fara abin da suke kira Men's Shed, rumfunan aiki ne da maza, yawanci dattawan da suka yi ritaya, suke haɗuwa suna kafinta da gyare-gyare suna hira, da yawa a ƙananan garuruwa, har ya bazu zuwa Ayilan da Birtaniya. A Amsterdam ta ƙasar Holan wata mata mai suna Martine Postma ta fara Repair Café a 2009, rana ake warewa mutane su kawo abin da ya lalace, rediyo, keke, riga, masu iya gyara su zauna tare da su a gyara kyauta, yanzu akwai irinsa dubbai a duniya. Wanda ya fi kama da naka shi ne Vigyan Ashram a ƙauyen Pabal na jihar Maharashtra a Indiya, wani masanin kimiyya Dokta Kalbag ya kafa a 1983 dan matasan karkara su koyi ilimi ta hanyar aikin hannu, walda, noma, wutar lantarki, kuma sai a 2002 aka kawo musu injinan zamani na Fab Lab, wato ɗakin ƙere-ƙere da na'urori masu aiki da kwamfuta, tare da jami'ar MIT ta Amurka. Ka lura da tazarar, kusan shekara ashirin suna aiki da hannu kafin manyan na'urori su zo. Hotunan da ake yaɗawa na tsohuwar tashar wutar lantarki da ta koma gidan zane na Tate Modern a Landan a 2000 kuwa ka kalla ka wuce, wannan aikin masu miliyoyi ne, ba shi zaka sa a gaba ba.

Dan haka ka buɗe da abu ɗaya, rana ɗaya a sati, lokaci ɗaya da baya canzawa. Yara goma zuwa sha biyar sun isa, ka ƙiyasta wa kowane yaro kamar murabba'in mita biyu in a zaune ne, in da kayan aiki a hannu kuma fiye da haka. Ko mutum uku ne suka zo ka buɗe, ko ruwa ake ka buɗe, dan abin da ke kashe irin wuraren nan ba rashin kuɗi bane kawai, yau a buɗe gobe a rufe ne, sai mutane su daina ɗaukar abin da gaske. Ka sa ido kan lokacin da yara ke da aikin gona ko na gida, kar ka haɗa ajinka da shi ka zo kana cewa ba a son ilimi. In abu ɗayan nan ya yi wata shida yana tafiya sai ka ƙara na biyu. Keken ɗinki na ƙafa baya neman wuta, littattafai ma haka, akwati mai murfi kawai suke so saboda gara da laima. Kwamfuta ta jira. In an zo maganar sola lissafin ba wuya, ƙwan fitila goma masu wat 10 in suka yi awa uku wat-awa 300 kenan, faranti ɗaya mai wat 200 zuwa 300 da batir mai kyau zai ɗauke su har da cajin laftof ɗaya ko biyu, amma injin walda dubban wat yake ja, kar wani ya ruɗe ka yace ƙaramar sola za ta tashe shi. Ni ma dai da so samu ne walda a bar ta a waje ƙarƙashin rumfa, ta manya kawai, nesa da katako da takardu.

Kar kuma ka riƙe komai a hannunka, ga aikin makaranta ga wannan, shekara ɗaya za ka gaji ka fara jin haushin kowa. Ka haɗa ɗan kwamiti na mutum biyar haka, a samu mace aƙalla ɗaya ko biyu, ɗaya daga tsofaffin yaran shagon, wani daga iyayen yara, in ɗaya daga yayyenka zai shiga ma ya fi. Mabuɗi ya zama a hannun mutum biyu ko uku. Kuɗi komai ƙanƙantarsa a rubuta a littafi, a ajiye rasit, kar ya taɓa haɗuwa da na aljihunka, in kun kai ga buɗe asusu a banki to sai da sa hannun mutum biyu za a cire. Lokacin da abin ya kankama sai ku yi wa ƙungiyar rajista yadda dokar ƙasarku ta tanada, masu ba da tallafi galibi ba sa ba mutum ɗaya, kuma suna fara tambayar takardar wurin ne, wato dai wacce muka fara magana a kai. Ka sa ɗan abin da za a riƙa biya ko da na fensir da takarda ne, wanda bai da shi ya zo ya yi shara ko ɗebo ruwa a madadin. Sannan ƙa'ida ɗaya da ba sassauci: kar babba ɗaya ya keɓe da yaro a wurin, ko kai ne, kullum manya biyu, ƙofa a buɗe, sunan kowane yaro da lambar iyayensa a littafi, zarto da kurfi kuma a akwati mai kwaɗo sai malami na tsaye.

In kuma ka bi duk hanyoyin nan yayyenka suka dage sai an sayar, to ƙanina ka bari a sayar, haƙƙinsu ne, kar ka kai su ƙara kar ka yi gaba da su. Ka roƙi a saka kayan aikin baba da bencinsa a cikin kasonka a kan ƙimar da aka yi musu, ka nemi aron aji ɗaya a makarantarku na ranar Asabar ko wata rumfa da ba a amfani da ita, ka fara a can da yaran nan goma. Wanda ya taya shagon ma ka same shi ka ji me zai yi da wurin, wasu ajiye kuɗi kawai suke yi a gini, zai iya baka haya.

A satin nan dai abu biyu nake so ka yi, ka kira ƙannenka mata ɗaya bayan ɗaya, sannan ka samo magini da ɗaya daga yaran shagon baba ku je ku duba rufin tun kafin ruwa ya ƙara cin katakon, ka ɗau hotuna ka tura wa duk 'yan uwan naka har da masu son a sayar, dan ko sayarwa za a yi gyaran yoyon nan amfanin kowa ne. In kun zauna ka rubuto min yadda kuka ƙare, Allah Ya daidaita tsakaninku.